Ranar da Waƙa Ta Riga Allura

Allurar tana hannuna, Malam, ban kai ga sauke ta ba, sai na ji Babana ya yi gyaran murya ya ce, "To, mu je." Jita ta biyo baya. Na tsaya a sunkuye a kan garmaho, ina riƙe da hannun allurar a sama, faifai yana ta juyawa ba abin da ya taɓa shi, waƙa kuwa tana fitowa daga lasifika tiryan-tiryan. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, amma shekara talatin da shida na yi a gidan mai gyaran rediyo. Na san faifai ba ya magana sai allura ta hau shi. A nan tsaye na gane cewa abin da nake ji ba daga faifan yake fitowa ba, kuma ba ranar aka fara ba.

Lahadi ce, kwana goma sha biyu da rasuwarka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga waɗanda labarin bai riske su ba, mijina, wanda mutanen layinmu suke kira Injiniya, ni kuma nake kira Malam, Allah ya karɓi abinsa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da la'asar. Da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, rediyon wani a buɗe a gabansa. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibitin da 'yarmu take aikin nas. Bai ƙara magana ba. Shekarunsa sittin da bakwai.

Kafin a fita da kai, yayanka ya tsaya a bakin ƙofar falo ya ce duk wanda ya san ka ɓata masa rai, ya dubi Allah ya yafe maka. Ni na fara buɗe baki. Na ce na yafe duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa. Abin da ya hana ni sukuni yau shi ne, ranar ban san abin da nake yafewa ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan faɗi alherinka, don yana da yawa. Zan kuma faɗi wannan, don ban iya ɓoye maka komai ba kana raye, ba zan fara yanzu ba.

Faifan ne ya haɗa mu. Babana makaɗin jita ne a wata ƙungiyar makaɗa, kuma sau ɗaya tak a rayuwarsa aka ɗauki muryarsa a faifai. Ya rasu ina da shekara bakwai. Bai bar gida ba, bai bar fili ba, ko hotonsa mai kyau ba mu da shi. Faifan nan da tsohon garmahonsa su ne gadona. Da garmahon ya daina juyawa, na ɗauko shi a ka har shagonka, ina 'yar shekara ashirin da biyu. Ka buɗe shi, ka ce roba ce ta tsinke, aikin minti goma. Amma sai da na zo sau biyar. Yau ka ce allura, gobe ka ce wata waya ta yi tsatsa. A zuwa na biyar Tela da ke gefenka ya leƙo ya ce, "Injiniya, in so kake ka faɗa mata, ka bar bawan Allah garmaho ya huta." Tun ranar kake kirana 'Yar Mai Jita, har muka yi jikoki ba ka canza ba.

Na tuna shagon kamar yanzu. Gwangwanayen madara a jere, kowanne da irin kusoshin da ke ciki. Ƙamshin dalma idan kana narka ta. Tabarau biyu a wuyanka, ɗaya na nesa ɗaya na kusa, kullum kana neman wanda ke kan goshinka. Tsofaffin layinmu sun san ranar da rediyonsu ya mutu ba sai sun taɓa aljihu ba. Akwai wani dattijo makaho da ka riƙa zuwa gidansa da kanka kana canza masa batir, ka ɗaura masa zare a kan maɓallin tashar da yake so don ya riƙa ganewa da hannu. Da ya rasu, 'ya'yansa suka kawo maka rediyon, ka ajiye shi a saman kanta, ba ka sayar ba.

Shekarar da aka yi mini aiki a ciki, wata biyu ban iya sunkuyawa ba. Kai ka yi wanki, kai ka yi shara, kai ka dafa mana shinkafar da yara suka ce ko dalma ce ka zuba a ciki. Ka rufe shago mako uku cur. Ban taɓa jin ka yi gori a kai ba. Ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba, ba ka taɓa zagin iyayena ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma namu saɓanin bai taɓa yin kwana biyu ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma zan maimaita shi a gaban kowa.

Kowace Lahadi bayan la'asar, idan ka dawo, sai ka wanke hannu, ka ciro faifan daga jakar da na ɗinka masa da guntun zanena. Ka goge shi da tattausan ƙyalle, daga tsakiya zuwa baki. Ka ce mini maiƙon hannu yana cin faifai, don haka ni kada in taɓa, kai kaɗai ka san riƙonsa. Na yarda, har ina jin daɗin yadda kake tattalin abin Babana fiye da ni. Sai in zauna a kujerata ta kusa da taga, in rufe ido. Minti uku da 'yan kai. Akwai wurin da na karce shi da ɗan kunnen Innata ina yarinya, idan an zo nan sai ka ji tak, tak, tak, sau tara. Nakan ƙirga. Kakan ce, "Ga sa hannunki nan, 'Yar Mai Jita."

Kowa ya san ra'ayinka a kan waƙar waya. Da zamani ya juya, yara suka koma ɗaukar waƙa dubu a memori ƙarami kamar farce, kai ka tsaya a kan bakanka. Kakan ce waƙar waya hoton abinci ce, ana gani ba a ƙoshi. Kakan ce faifai numfashi yake yi, waccan kuwa gawa ce aka yi wa kwalliya. Mai Kwamfuta, wanda ya kama shagon da ke kallon naka, shi ne abokin musunka. Kusan kullum sai kun yi, shi yana bakin ƙofarsa kai kana bakin taka, masu wucewa suna tsayawa kallo.

"Injiniya, ƙarar soya ƙwai kake saurara, kana ce mana kiɗa ne!"

"Kai da kunnenka na roba, me ka sani? Je ka tambayi 'Yar Mai Jita. Kunnenta ba ya ƙarya."

Ni ce shaidarka, Malam. Idan na kawo maka abincin rana musu ya yi zafi, sai ka zaunar da ni, ka sa in rufe ido, a kunna faifai, a kunna waya, in nuna wanne ne wanne. Ina nunawa a yi shewa. Daga nan sai in ƙara da nawa, in ce faifan Babana ya haura shekara hamsin, amma duk Lahadi ji nake kamar yana zaune a falona, wace waya ce za ta yi wannan? Na faɗi haka a shago, na faɗa a gidan biki, na faɗa wa duk baƙon da ya zauna a falonmu. Kana tsaye kana gyaɗa kai. Mai Kwamfuta kuwa, idan na kai nan, sai ya koma cikin shagonsa. Ina tsammanin na kayar da shi ne.

Ranar Lahadin nan da na ambata, kewa ce ta ishe ni, taka da ta Babana a haɗe. Na ce ai shekara da shekaru ina kallon hannunka, zan iya. Na san hannun dama yana ɗaukar allura, babban yatsan hagu kuma yana danna wani abu a ƙarƙashin leɓen akwatin garmahon. Na lalubo, na ji ɗan maɓalli. Kuskurena ɗaya, kai tare kake yin su, ni kuwa na fara da hagu.

Da waƙar ta ƙare na ɗauko tabarau. Na ɗaga faifan da hannuna, karo na farko tun kafin a haifi jikokinmu. Takardar tsakiyarsa ja ce kamar ta Babana, amma rubutun wani harshe ne da ban ma san haruffansa ba. Na kai shi bakin taga, na juya shi a haske ina neman karcena. Babu. Santsi ne fes. Masu magana sun ce gani ya kori ji, ban taɓa sanin zafin maganar ba sai ranar.

Na kira 'yarmu Nas. Ta zo da kayan aikinta a jikinta, ta kwance bayan akwatin da sukudirebanka. Ga wani ɗan abu kamar akwatin ashana an liƙa shi a ciki, da memori a bakinsa. Wayar allura kuwa an cire ta, an naɗe bakinta da baƙin salatif. Aiki ne mai tsabta, ba ko ɗigon dalma a gefe. Ko a cikin dubu zan gane aikin hannunka.

Da yake ina takaba, Nas ce ta je ta taho da Mai Kwamfuta. Ya zauna a bakin ƙofar falo, ya cire hularsa yana murzawa. Tun kafin in tambaya ya ce, "Hajiya, na san ranar nan za ta zo. Na so a ce ba ni za a tambaya ba."

Na ce, "Shekara nawa?"

Ya ce, "Tara."

Na ce, "Faifan fashewa ya yi?"

Wallahi Malam, addu'a nake a raina ya ce e. Da ya ce ya suɓuce maka ya fashe, ko rana ta lanƙwasa shi, ka ji tsoron gaya mini, da a take na yafe. Da na ce tausayina ka ji. Amma ya sunkuyar da kai ya ce, "Bai fashe ba. Musanya ya yi."

Wai wani baƙo ne da ke yawo gari-gari yana tara tsofaffin fayafayai. Ya zo shagonka, ka yi masa alfahari da na Babana, ya ce ya daɗe yana neman irinsa, 'yan kaɗan aka buga. A bayan motarsa akwai tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, irin mai kwalabe a ciki da suke yin ja idan sun yi zafi. Na san ta tun kafin ta zo gidan nan, don shekara ashirin kana ba ni labarinta, kana cewa kafin ka mutu sai ka mallaki irinta. Kwana uku mutumin yana dawowa. A na ukun ka tsallaka titi da faifan a ƙarƙashin riga, ka ce wa Mai Kwamfuta ya ɗauke maka shi a kwamfuta, kada ya goge komai, har ƙarar soya ƙwan, har tak ɗin nan tara. Ka sa ya rantse ba zai faɗa ba.

Na tuna ranar da ka shigo da amfilifayar, kai da Tela kuna nishi. Ka ce wani ne ya ba ka ita a madadin aikin da ka yi masa. Na tuna Lahadin da ta biyo baya. Ka kunna, ka jira kwalaben suka yi ja, ka sauke allura. Na rufe ido. Da aka gama na ce, "Malam, yau muryar Baba ta fi kullum fitowa, har numfashinsa nake ji." Na tashi na dafa maka shayi don murna. Ka karɓa ka sha. Wannan shayin yana cikin abubuwan da suke tsaya mini a wuya.

Akwai wanda ya fi shi. Shekara huɗu da suka wuce Nas ta ce, "Baba, bari in ɗauki waƙar Kaka a wayata, kada wata rana faifan ya lalace mu rasa." Ka tashi da faɗa irin wanda ba ka saba ba. Ka ce muryar kakanta ba za ta shiga aljihu tare da lambobin masu sayar da gawayi ba. Yarinyar ta fita da hawaye, matar aure da 'ya'yanta biyu. Ni kuma na bi ta har tsakar gida ina yi mata faɗa, na ce ba ta san darajar abu ba, 'yan zamani komai sai sun mayar da shi banza. Wata uku ba ta zo mana Lahadi ba. Ashe tsoro kake kada ta matso kusa da akwatin. Ka bar ni na ɓata da 'yata a kan abin da ka riga ka yi da kanka. Na roƙe ta gafara a makon nan. Ta ce, "Mama, bar shi, ya wuce." Ita ta fi ni sauƙin zuciya, halinka ta ɗauko a nan.

Mai Kwamfuta ya so ya rarrashe ni. Ya ce, "Hajiya, kunnenki bai yi ƙarya ba. Daɗin da kika ji gaskiya ne, kwalaben nan ne da katakon lasifikar suke ba da shi. Muryar kuma tasa ce, ba a rage ko ɗigo ba. Faifai ma duk sa shi da aka yi allura tana cinsa, wannan kuwa ba ya cinyewa." Ya ce sau da yawa ka tsallako shagonsa bayan kun gama musun da mutane suke kallo, ka zauna, ka ce, "Yau zan gaya mata." Sai washegari ya tambaye ka, ka ce, "Ta rufe ido tana murmushi, ta ina zan fara?"

Wataƙila gaskiyarsa ce a kan sautin. Ni yanzu ba ruwana da wanda ya ci musun, ku kuka san wannan. Abin da na sani, faifan nan Babana ya riƙe shi da hannunsa. Shi ya kawo shi gida a cikin takarda, ya ɗora ni a cinya muka ji tare. Innata ta ɓoye shi a ƙasan akwatinta duk gidajen hayar da muka zauna. Karcen nan nawa ne, dukan da na sha a kansa ma nawa ne. Ba naka ba ne da za ka bayar, Malam. Da ka tambaye ni, Allah ne shaida ban san amsar da zan ba ka ba. Mai yiwuwa in yi kuka kwana biyu in ce ɗauka, tunda ranka yana so. Ba ka ba ni wannan damar ba. Ka zaɓi ka riƙa wanke hannu duk Lahadi, kana goge faifan wasu mutane da ƙyalle a gabana, shekara tara.

Na gwada kunna shi sau ɗaya bayan nan. Komai yana nan, gyaran muryar, jitar, tak ɗin tara. Ban iya rufe ido ba. Na rufe akwatin da mayafi. Rannan jikarmu ta tambaye ni ko Kaka mai jita shi ma ya yi tafiya tare da kai ne.

A aljihun teburinka na shago, ƙarƙashin tsofaffin allurai, Nas ta samu katin baƙon nan mai tara fayafayai, da lambar wayarsa a jiki. Ya yi laushi, gefensa duk ya cinye, kamar abin da aka daɗe ana ɗauka ana mayarwa. A bayansa ka rubuta da hannunka, "Na 'Yar Mai Jita." Ban san ko ka taɓa kiransa ba. Ban san ko nema kake ka dawo da shi ba, ko kuwa ajiye mini hanya ka yi don ranar da ba ka nan. Na juya katin nan ya fi a ƙirga. Wani lokaci ya sanyaya mini rai, wani lokaci ya ƙara mini zafi, don ya nuna ka san abin da ka yi, ba mantuwa ba ce.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi. Ka dubi makahon da ya yi wa hidima, ka dubi tsofaffin da ya faranta wa rai, ka dubi jinyata da ya yi ba gori. Ka sa waɗannan su yi masa nauyi a mizani. Kada ka kama shi saboda ni. Wannan addu'ar ba na yin ta da rabin zuciya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayansa da ƙannensa mata, ga Nas da ɗan'uwanta da 'ya'yansu, ga Tela da ya rasa maƙwabcin shekara arba'in, da duk mutanen layinmu da suka cika gidan nan kwana da kwanaki. Ga Mai Kwamfuta kuma, wanda ya ɗauki rantsuwar da ta fi ƙarfinsa, ba na riƙe da kai, Allah ya ba ka haƙurin rashin abokin musu. Masu rediyo a shago su zo su karɓi kayansu wurin Tela, an rubuta sunan kowa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Yayanka ya ce mini yafiyar da na yi ranar farko ta wadatar, ta rufe wanda na sani da wanda ban sani ba. Na so ƙwarai in yarda da shi. Amma ni na san abin da ke cikina, kuma ba zan yi maka irin abin da ka yi mini ba, in nuna maka abu a waje alhali ciki wani ne daban. Ina sonka, Malam, ina kewarka safe da yamma. Katin yana cikin jakata, ban kira lambar ba. Wannan ɗaya kuma, ban yafe maka shi ba tukuna.